Zinaren da ya makara da shekara 8: fashin baƙi kan Olivia Borlée da 'yan gudun miƙa sanda na Beljiyam

Ta yaya mutum zai yi tsere a 2008, ya zo na biyu a gaban idon duniya, a rataya masa azurfa, sannan a 2016 a kira shi a ce ashe shi ne ya ci? Wannan tambayar takan taso duk lokacin da aka ji Kwamitin Olamfik na Duniya ya karɓe lamba daga hannun wani ya ba wani, kamar bikin da aka shirya wa wasu 'yan wasa a Faris a watan Agustan 2024. Wasu na ganin gyaran zalunci ne. Wasu kuma na ganin zinaren ofis ne, tunda ba a fili aka ci shi ba.

Mu ma abin ya taɓa mu. Wanda ya buɗe tsohuwar jarida zai ga Najeriya ta dawo daga Olamfik na Beijin da azurfa 1 da tagulla 3. Wanda ya duba teburin yau zai ga azurfa 3 da tagulla 2. Ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya fito ne daga tsere guda, na mata huɗu masu gudun mita 100 kowacce, wanda aka yi a daren 22 ga Agusta 2008. A daren, 'yan matan Beljiyam ne suka zo na biyu, na Najeriya suka biyo su. Wadda ta fara ɗaukar wa Beljiyam sanda sunanta Olivia Borlée, kuma wanda ya bi sawun rayuwarta ta wasa zai fahimci abu biyu da ake yawan yi wa gurguwar fahimta: yadda ake cin gudun miƙa sanda, da yadda ake sauya sakamako bayan shekaru.

Wace ce Olivia Borlée?

An haife ta ranar 10 ga Afrilu 1986 a Woluwe-Saint-Lambert, ɗaya daga cikin gundumomin birnin Brussels. Gidansu gidan gudu ne. Mahaifinta, Jacques Borlée, wanda aka haifa a Kisangani a 1957 lokacin da Kongo ke hannun Turawan Beljiyam, ya wakilci ƙasarsa a Olamfik na Mosko a 1980, ya kuma ci azurfa a mita 200 a gasar Turai ta cikin zaure a 1983. Shi ne kuma ya horar da 'ya'yansa da kansa. Ƙannenta tagwaye, Kevin da Jonathan, da mai bi musu, Dylan, duk sun zama 'yan gudun mita 400 na ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a wannan gidan karin maganar ba ta buƙatar fassara.

Sai dai Olivia ba ta cikin taurarin da ke haskawa su kaɗai. Ba ta taɓa kaiwa zagayen ƙarshe na mita 100 ko 200 a Olamfik ko a gasar duniya ba. Duk sunan da ta yi a ƙasashen waje, da sanda a hannu ta yi shi, tare da wasu mata uku.

Babbarsu ita ce Kim Gevaert, 'yar garin Leuven, haihuwar 1978, wadda ta haɗa zinaren mita 100 da na 200 a gasar Turai ta Gothenburg a 2006. A shekarar ce ta kafa tarihin ƙasa na sakan 11.04 a mita 100 da 22.20 a mita 200. Sai Hanna Mariën daga Herentals, da Élodie Ouédraogo, haifaffiyar Brussels mai tushe a Burkina Faso, wadda sunanta kaɗai ya isa ya gaya wa mutumin Afirka ta Yamma inda jininta ya fito. Kocin da ya haɗa su shi ne Rudi Diels.

Haɗuwar tasu tana da nauyi a ƙasa irin Beljiyam. Ƙasa ce da harshe ya raba: arewa na jin Holanci, kudu na jin Faransanci, kuma hatta hukumar wasannin guje-guje reshe biyu gare ta, kowane harshe da nasa. Gevaert da Mariën daga ɓangaren masu Holanci suke, Borlée daga gidan masu Faransanci. Lokacin da suka ci tagulla a gasar duniya ta Osaka a 2007, 'yan siyasar ƙasar na cikin watanni na kasa kafa gwamnati bayan zaɓen Yunin shekarar.

Me ake nufi da gudun miƙa sanda?

Wasu na kiran sa gudun ba-ni-in-ba-ka. Zagayen fili ɗaya mita 400 ne, sai a raba shi ga mutum huɗu, kowa ya yi kusan mita 100 ya miƙa wa na gaba sanda. Sandar bututu ce mara komai a ciki, tsawonta santimita 28 zuwa 30, nauyinta bai gaza giram 50 ba. Dole a miƙa ta a cikin wani yanki da aka shata. A 2008 yankin mita 20 ne, da ƙarin mita 10 a bayansa inda mai karɓa ke ɗaukar wuta. Daga kakar 2018 aka haɗe su suka zama mita 30. Alƙalin da ke tsaye a wurin sandar yake kallo: idan ta sauya hannu a wajen yankin, an fitar da ƙungiyar, ko da ƙafar mai gudu na ciki. Faɗuwar sanda kuwa ba ta kore mutum kai tsaye, wanda ya yar da ita yana iya ɗauka ya ci gaba. Amma a tseren da bai kai sakan 43 ba, kafin ka sunkuya an gama da kai.

Yanzu ga lissafin da ke ba mutane mamaki. 'Yan Beljiyam sun gama a sakan 42.54 a Beijin. A raba wannan gida huɗu, kowacce ta yi mita 100 a kimanin sakan 10.64 ke nan. To amma wadda ta fi su sauri, Gevaert, iyakarta 11.04 a duk rayuwarta, sauran ukun kuma suna bayanta. Ina sauran lokacin ya shiga?

Ya shiga cikin miƙa sandar. Ta farko kaɗai ce ke tashi daga durƙuso bayan ƙarar bindiga. Sauran ukun suna karɓa ne alhali sun riga sun ɗauki wuta, kuma wannan kaɗai na rage wa kowacce kusan sakan guda. Sannan idan mai bayarwa ta miƙa hannu gaba, mai karɓa ta miƙo nata baya, akwai tazarar mita ko fiye da sandar ke tsallakewa ba tare da ƙafar kowa ta taka ba. Sau uku ake samun wannan garaɓasar a tsere ɗaya.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda muke yi ranar wasannin gidaje. Mai karɓa na tsaye cak, fuskarsa a baya, yana tsalle-tsalle yana yafito ɗan'uwansa, sai an damƙa masa sandar a hannu sannan ya juya ya fara gudu. A kowace miƙawa sandar takan tsaya ta huta. Ƙwararru kuwa duk aikinsu shi ne hana ta wannan hutun.

Ga yadda suke yi. Kafin tsere, mai karɓa takan auna tazara da tafin ƙafarta, diddige na taɓa yatsa, taku bayan taku, ta manna ɗan salatif a layinta. Adadin takun ta san shi a ka, domin an gwada shi sau ɗaruruwa a wurin atisaye. Idan aka harba bindiga, sai ta rusuna, kai a juye, idonta a kan salatif ɗin. Da abokiyarta ta iso kan alamar, sai ta juya ta zura da iyakar ƙarfinta, kuma daga nan ba ta sake waiwaye. Gudu take kamar ba wanda ke bin ta. Mai zuwa ce za ta kamo ta, ta yi kira da kalma ɗaya, hannu ya fito baya da tafi a buɗe, sanda ta shiga. Ta farko na riƙewa da dama, ta biyu ta karɓa da hagu, ta uku da dama, ta huɗu da hagu, don kada kowa ta ɓata lokaci wajen sauya hannu, kuma don masu gudun kwana su rungumi cikin layi.

A irin wannan gudun, kashi ɗaya cikin goma na sakan kusan mita guda ne. In mai karɓa ta tashi da wuri kaɗan, za ta tsere wa abokiyarta har yankin ya ƙare sanda ba ta iso ba. In ta makara kaɗan, sai su yi karo, ko mai zuwa ta taka birki. Kuma mai zuwa ba kullum take isowa da sauri iri ɗaya ba: akwai gajiya, akwai iska, akwai tsoron taro. Sanin wannan a jikin abokiyar gudu ba ya samuwa a sansanin mako biyu.

Daren 22 ga Agusta

Kowa ya san tseren na Jamaika da Amurka ne. A makon, 'yan Jamaika sun kwashe lambobin mita 100 gaba ɗaya: Shelly-Ann Fraser ta ci da 10.78, Sherone Simpson da Kerron Stewart suka yi kunnen doki a 10.98. Veronica Campbell-Brown ta ci mita 200. Waɗannan huɗun ne Jamaika ta jera a zagayen ƙarshe.

Amurka ba ta ma kai nan ba. A zagayen share fage, ranar 21 ga wata, sanda ta faɗi tsakanin Torri Edwards da Lauryn Williams a miƙawa ta ƙarshe. A daren ne kuma mazansu suka yar da tasu, tsakanin Darvis Patton da Tyson Gay.

Washegari, a filin da ake kira Sheƙar Tsuntsu, Olivia Borlée, tana da shekara 22, ta durƙusa da sanda a hannun dama. Ta yi kwanar farko ta ba Mariën, Mariën ta ba Ouédraogo. A daidai wannan miƙawa ta biyu ne Jamaika ta rushe: Simpson da Stewart suka kasa haɗa hannu. Birtaniya ma ba ta gama ba, aka kuma fitar da Polan. Ouédraogo ta sauko daga kwana ta ba Gevaert, Gevaert ta bi bayan 'yar Rasha da ke gabanta, ba ta kamo ta ba. Rasha 42.31, Beljiyam 42.54, Najeriya 43.04, Barazil 43.14. 'Yan Najeriyar su ne Franca Idoko, Gloria Kemasuode, Halimat Ismaila da Oludamola Osayomi.

Tazarar Rasha da Beljiyam sakan 0.23 ce, mita biyu da 'yan kai. Wadda Gevaert ta kasa kamowa sunanta Yuliya Chermoshanskaya. A riƙe wannan sunan.

Sa'a ce ko aiki?

Masu cewa sa'a ce suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Jamaika ta yi 42.24 a zagayen share fage, lokacin da ya fi wanda aka ci zinare da shi. Da ita da Amurka sun kai sandarsu gida lafiya, da wuya Beljiyam ta sha gabansu. Wannan gaskiya ne.

Amma ni ban yarda a kira abin da sa'a ba, saboda kai sanda gida shi ne wasan. Wanda ya yar da ita ya faɗi jarrabawar da aka zo yi, kamar mai tsaron raga da ƙwallo ta zame masa. Kuma ba yau Amurka ta fara ba: a Atina a 2004, matanta sun kasa miƙawa tsakanin Marion Jones da Lauryn Williams a zagayen ƙarshe. Mazanta kuwa tun azurfar 2004 ba su sake riƙe lamba a wannan tseren a Olamfik ba har zuwa Faris 2024. Abin da ke maimaita kansa haka yana da dalili. Ƙasa mai tarin gwanaye takan zaɓi huɗunta a ƙurarren lokaci, kowa da kocinsa da wakilinsa da tseren kansa da ya fi damunsa, sai a haɗa su 'yan kwanaki kafin gasa. Ƙasa mai mutum miliyan 10 da 'yan kai ba ta da wannan zaɓin. Waɗanda take da su, su ne dai, shekara da shekaru, kuma ƙarancin ya zame mata alheri.

A duba hawan da suka yi. A Atina 2004 Beljiyam ta zo ta 6 da 43.11, Gevaert da Ouédraogo na ciki. A Osaka 2007, Borlée da Mariën sun shigo, suka yi 42.75 suka ci tagulla. A ranar Amurka da Jamaika sun gama lafiya lau, kuma Beljiyam ta bar Birtaniya da Rasha a baya. Bayan shekara guda, mata huɗun nan, a jeri iri ɗaya, suka sauko zuwa 42.54. Japan ta nuna irin wannan a ɓangaren maza a Rio 2016, inda ta ci azurfa da 37.60 alhali a lokacin babu ɗan Japan ko ɗaya da ya taɓa sauka ƙasa da sakan 10 a mita 100.

Fitsarin da aka ajiye a firji

Bayan tsere a Olamfik, akan ɗauki fitsarin waɗanda suka ci lamba da wasu da aka zaɓa, a raba shi kwalba biyu. Ta farko ake gwadawa nan take, ta biyu a rufe ta don tabbatarwa idan an samu matsala. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bayan gasa ba a zubarwa. Akan daskarar da samfuran a ajiye a Lozan ta ƙasar Suwizalan, inda hedikwatar Kwamitin Olamfik take. A dokar wancan lokacin ana iya sake buɗe su har tsawon shekara 8. Daga 2015 aka ƙara wa'adin zuwa shekara 10.

Dalilin ajiyar shi ne masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari kullum suna gaban masu gwaji da taku ɗaya. Idan ƙwaya ta shiga jiki, jiki kan narkar da ita ya fitar da burbushinta a fitsari. Gwajin 2008 yana ganin burbushin da ke ɓacewa cikin 'yan kwanaki ne kawai. Don haka mai wayo sai ya sha a lokacin atisaye, ya gina tsoka, ya daina makonni kafin gasa, ya zo ya wuce gwaji fes. Daga baya masana suka gano wasu burbushin da ke daɗewa a jiki makonni da yawa, na'urorin gwaji ma suka ƙara kaifi. Fitsarin da ya fito da tsabta a 2008 bai canza ba, idon da ke duba shi ne ya ƙara gani.

Abin da ya sa aka buɗe firjin da gaggawa shi ne tonon sililin Rasha. A Disambar 2014 gidan talabijin na ARD a Jamus ya watsa rahoton da ya fallasa yadda ake ba 'yan wasan ƙasar ƙwayoyi a tsare, bisa bayanan 'yar tsere Yuliya Stepanova da mijinta Vitaly Stepanov. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dick Pound, rahotonsa ya fito a Nuwambar 2015, kuma a watan aka dakatar da Rasha daga wasannin guje-guje. Ga kuma wa'adin samfuran Beijin na shirin cika a Agustan 2016. Sai aka sake gwada na Beijin da na Landan 2012, aka kama 'yan wasa fiye da 100, akasarinsu masu ɗaga ƙarfe da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle.

A fitsarin Chermoshanskaya an samu abu biyu. Ɗaya stanozolol, wadda aka kama ɗan tseren Kanada Ben Johnson da ita a Seoul a 1988. Ɗayar turinabol, ƙwayar da aka ƙirƙira a Jamus ta Gabas, wadda gwamnatin ƙasar ta riƙa ɗura wa 'yan wasanta shekara da shekaru. Ranar 16 ga Agusta 2016 aka sanar da soke sakamakonta da na ƙungiyar Rasha. Beljiyam ta hau ta ɗaya, Najeriya ta biyu, Barazil ta uku.

Me ya sa laifin mutum ɗaya ke cin mutum huɗu?

A nan ne aka fi samun saɓani. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma dokar gudun miƙa sanda a kan wannan ta tsaya: idan aka kama ɗaya, lambar kowa ta tafi. Masu adawa na cewa zalunci ne a hukunta wanda bai sha komai ba, wanda wataƙila bai ma san abin da abokinsa ke yi ba. Misalin da suka fi kawowa shi ne Usain Bolt, wanda ba a taɓa kama shi da komai ba, amma a Janairun 2017 ya rasa zinarensa na irin wannan tseren na maza a Beijin saboda an kama abokin gudunsa Nesta Carter, aka ba Trinidad da Tobago. Birtaniya ma ta rasa azurfarta ta Olamfik na Tokyo saboda an kama ɗan tserenta CJ Ujah.

Dokar ba kullum take haka ba. Matan Amurka da suka yi gudu a Sidni a 2000 tare da Marion Jones, wadda daga baya ta amsa shan ƙwayoyi, sun kai ƙara kotun wasanni da ke Lozan, kuma a 2010 ta bar musu lambobinsu, bisa hujjar cewa dokar da ke aiki a 2000 ba ta tanadi hukunta ƙungiya gaba ɗaya ba.

Ina jin zafin wanda aka ƙwace wa lamba ba da laifinsa ba. Amma a gudun miƙa sanda babu lokacin mutum ɗaya, lokaci ɗaya ne na kowa. Ba yadda za a zare gudun Chermoshanskaya daga cikin 42.31 a bar sauran. Mita biyun nan da Gevaert ta kasa rufewa, ba mai iya rantsuwa cewa ba daga kwalba suka fito ba. Idan an tausaya wa ukun da ke gefen mai laifi, to akwai goma sha biyu a bayansu da su ma ba su yi laifin komai ba.

Kuma kada wani ya ɗauka cutar ta ƙasa ɗaya ce. Blessing Okagbare ta Najeriya ta amfana da irin wannan gyaran, tagullarta ta dogon tsalle a Beijin ta koma azurfa bayan an soke sakamakon Tatyana Lebedeva ta Rasha. Ita ɗin ce kuma aka dakatar na shekara 10 a Fabrairun 2022 kan laifin ƙwayoyi.

Abin da ake mayarwa da abin da ba ya dawowa

Bayan Beijin kowacce ta kama hanyarta. Gevaert ta yi ritaya makonni biyu bayan tseren, a gasar Memorial Van Damme da ake yi duk shekara a Brussels. Mariën ta koma tseren keken ƙanƙara, har ta je Olamfik na hunturu a Sochi a 2014. Ouédraogo ta je Landan 2012 a gudun tsallake shinge na mita 400. Olivia kuwa raunuka ne suka addabe ta, musamman ciwon agara, suka cinye mata shekarun da ya kamata a ce su ne ganiyarta. Ta daure har ta samu gurbin mita 200 a Rio 2016, aka kuma ba ta tutar ƙasa ta riƙe a bikin buɗe gasar. Ranar 15 ga Agusta aka fitar da ita a zagayen farko. Washegari labari ya zo cewa tun shekara 8 da suka wuce ita zakarar Olamfik ce.

A watan Satumban 2016 aka tara su huɗun a filin wasa na Sarki Baudouin da ke Brussels, yayin gasar Memorial Van Damme, aka rataya musu zinaren a gaban mutanensu. An kyauta, kuma sun fi wasu sa'a ta wannan fuskar. Amma taken Rasha aka buga a Sheƙar Tsuntsu, kuma wannan daren ba ya dawowa. Ɗan wasan tsere shekarunsa na samu kaɗan ne. Kwangilar talla, kuɗin gayyata zuwa gasa, tallafin gwamnati, duk suna bin launin lambar da ke wuyanka a lokacin da kake tashe. Zinaren da ya zo bayan an rataye takalmi yana gyara littafin tarihi, ba ya biyan waɗannan. Ko a tarihin ma akwai abin da ya riga ya zauna: Tia Hellebaut, wadda ta ci tsallen sama da mita 2.05 ranar 23 ga Agusta 2008, ita aka yi wa bikin zinaren Beljiyam ɗaya tilo a Beijin, alhali a lissafin yau 'yan gudun miƙa sanda sun riga ta da kwana guda.

Olivia da Ouédraogo sun kafa kamfanin tufafin motsa jiki, suka raɗa masa suna 42|54. Lokacin nan dai shi ne abin da ba wanda ya ba su, ba kuma wanda zai sauya.

Waɗanda abin ya fi cuta su ne na huɗu. 'Yan Barazil sun bar Beijin hannu rabbana, ba dandamali, ba tuta, ba hoto. Mu kuma muna da misalin da ya fi wannan ciwo. A Sidni 2000 mazan Najeriya, Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a bayan Amurka a tseren mita 400 sau huɗu. A 2008 Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa yana shan ƙwayoyi. Sai a Yulin 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinaren. Sunday Bada ya rasu a Legas a Disambar 2011, watanni 7 kafin nan.

Koke-koke irin waɗannan ne suka sa a 2018 Kwamitin Olamfik ya fito da tsarin da ke ba ɗan wasa zaɓin inda yake so a ba shi lambarsa: a Olamfik mai zuwa, a Lozan, a wata babbar gasa, ko a gida cikin iyalinsa. Ga mai kallo kuwa, ma'anar ita ce duk sakamakon da ya gani a talabijin yana iya motsawa har shekara 10. Ga hukumomin wasanni, gwaji ya zama sharaɗin shiga fili: a Tokyo an hana 'yan guje-gujen Najeriya 10 fafatawa, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta gindaya kafin gasa ba. Yara sun yi shekaru suna atisaye, sakacin ofis ya zaunar da su a benci.

Ƙannen Olivia da matsayi na huɗu

Darasin da matan suka bari bai faɗi ƙasa ba a Beljiyam. Jacques Borlée ya gina ƙungiyar maza ta mita 400 sau huɗu a kan 'ya'yansa, wadda ake kira Belgian Tornados. A wannan tseren mai karɓa yana kallon sandar da idonsa, don mai zuwa a galabaice yake isowa, saboda haka miƙawa ba ta kai ta mita 100 haɗari ba. Amma zama tare shekara da shekaru ya yi musu irin amfanin da ya yi wa yayarsu. Sun ci zinaren Turai a 2012, 2016, 2018 da 2024, zinaren duniya na cikin zaure a 2022 da 2024, da tagullar gasar duniya a Doha 2019 da Eugene 2022. Kevin shi kaɗai ya ci zinaren Turai a 2010 da tagullar duniya a 2011, Jonathan kuma ya kafa tarihin ƙasa na 44.43 a Landan.

Lambar Olamfik ce kawai ta ƙi su. A Beijin, tagwayen suna da shekara 20, ƙungiyar ta zo ta 5, kuma sake gwajin nan da ya ba Olivia zinare ya fitar da mazan Rasha ya matsar da su zuwa ta 4. A Rio suka zo na 4 da 2:58.52, Bahamas ta ɗauke tagulla da 2:58.49, tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba. A Tokyo na 4. A Faris, Kevin da Dylan na ciki, suka kafa sabon tarihin ƙasa na 2:57.75, suka sake zuwa na 4. A gidan da ya ba Beljiyam 'yan tsere biyar a Olamfik, lamba ɗaya ce a rataye, ta Olivia, wadda ba ta taɓa kaiwa zagayen ƙarshe ita kaɗai ba.